Tijjani Ya Zo Kano Neman Bakano

In ana zancen masu cika baki da suka taɓa keto iyaka suka shigo Kano, duk wanda ya tsallake Tijjani Badamagare to bai zauna a Challawa ba. Dogo ne siriri, ga gashin baki kamar an zana da gawayi, hula kullum a karkace. Zamanin da masaƙun Kano ke ruri ba dare ba rana gwamnatin ƙasarsu ta turo shi karatu, shi da wani ɗan Maraɗi mai sanyin hali, Haruna. Rabin mako suna aji, rabi suna wata babbar masaƙa a Challawa suna koyon injin saƙa da hannu. Ɗaki guda suka kama a Panshekara.

Ba su daɗe ba suka gane masaƙar nan gwamnati biyu gare ta: ta ofis da ta gindin darbejiya. Da an busa jiniyar cin abinci, mutanen sashen saƙa sai su taru a inuwar wata darbejiya bayan sito, kowa ya turo kwanonsa tsakiya a yi ciyayya. Wanda ke sa hannu a kwanukan nan, in zarensa ya tsinke ko injinsa ya cije, kafin ya waiwaya an kawo masa ɗauki. Wanda ba ya ci a nan kuwa, ko injin zai haɗiye shi har takalmi, iyaka a ce masa sannu. Ɗalibin da ba a nuna wa aiki kuwa, tsakaninsa da komawa gida hannu rabbana ƙiris ne.

Su Tijjani a kan wani tsohon duro suke cin nasu, su biyu, kamar masu takaba.

Haruna ya ce, "Ni dai a ganina mu riƙa zuwa muna gaishe su. Yau sannu, gobe sannu, wata rana a ce mana bismilla."

Tijjani ya yi tsaki har da tofar da ƙashin kifi. "Haba ɗan Maraɗi! Wannan ai tafiyar hawainiya ce. Ka san ni kuwa? Badamagare ne ni gaba da baya. Kanawa abokan wasanmu ne tun ranar da kakanninmu suka jawo igwa suka nufo ganuwarsu. Ni ba ruwana da gaisuwa. Zagi ɗaya zan yi wa Bakano, ya rama, mu tafa, shi ke nan an zama 'yan'uwa. Garin nan kaf gonata ce, girbi kawai na zo yi."

"Ka taɓa yin wasan dai ko?"

"Ni? Akwai wani Bakano mai atamfa a kasuwarmu, sai da aka yi masa fifita don dariya. Kai dai gobe ka tsaya a bayana ka ga aiki."

Washegari da safe ma'aikata sun yi layi a bakin ƙofa, masu keke na tura keke, masu saukowa daga kiya-kiya na gyara hula. Mai gadin ƙofar wani tsohon soja ne, Saje Idi, wanda ya yi yaƙin basasa ya dawo da ƙirji kamar ƙyauren shago da kulki a hamata. Tijjani ya ratso layi ya tsaya gabansa, ya buɗe murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Kai Bakano, matsoraci jikan matsorata! Buɗe wa ubangidanka ƙofa. Ko har yau ba ku daina kulle ƙofa ba tun da kuka ji ƙarar igwarmu?"

Ya sa yatsa ya tunkuɗe hular Saje ta faɗi ƙasa, ya miƙa hannu yana jiran a tafa.

Saje ya dubi hular, ya dubi hannun, ya dubi mai hannun.

"Wa ka kira Bakano?"

"Kai mana! Rama, rama, kada ka ji nauyi."

"Ni mutumin Haɗeja ne. Ubana Bahaɗeje, kakana Bahaɗeje, akuyar gidanmu ma Bahaɗejiya ce."

Mai hankali nan zai sunkuya ya ɗauko hula ya kaɗe ta ya ce a yafe. Amma bakin Tijjani ba ya jiran hankalinsa. Ya ce, "To ai Haɗeja cikin jihar Kano take. Na gani a taswira."

"A taswira ko? Madalla. Kama kunnenka."

Tsallen kwaɗo aka sa shi daga bakin ƙofa zuwa rumfar kekuna, Saje na biye da kulki yana cewa, "Yi ta tsalle, ɗan makaranta, har ka fita daga Kano ka shiga Haɗeja. In ka iso zan gaya maka." Ma'aikata suka manta da makara, suna tafi suna ba shi kiɗa da ƙararrawar keke.

Da aka sallame shi Haruna ya kamo shi yana tangaɗi. "Yaya girbi?"

"Wannan gwaji ne. Tun farko na ga hancinsa ba na Kanawa ba ne. Soja kuma dama ba ya cikin lissafi."

Da rana ya sake ɗamara. Akwai wata mai tuwo a rumfar jikin katanga, wadda kowa ke kira Hajiya, rabin kwanukan darbejiya daga tukunyarta suke fitowa. Tijjani ya ce a ransa, mace mai wayon kafa rumfa a daidai hancin mayunwata, wannan sai Bakanuwa. In na same ta na sami darbejiya gaba ɗaya. Ya tarar ta juya baya ta sunkuya tana tuƙi. Ya zura hannu a kwanon nama ya ɗauki tsoka mafi girma ya jefa a baki.

"Bakanuwa, na karɓi gaisuwar bayi. Gobe a ƙara gishiri."

Ta ɗago ta juyo. Tsagen Barebari reras a kumatunta kamar an ja da mataji. Kafin ya haɗiye naman muciya ta sauka a wuyan hannunsa.

"Wace ce Bakanuwar? Ni Fanna? Ni da aka haifa a Nguru?"

Ta zazzaga masa Barbarci mai zafi, ya kuwa tsinci rabi, don da irinsa kakarsa ke yi masa faɗa yana yaro. Ta cafki kunnensa, wanda dama bai huce daga na safe ba.

"Ɗan gidan wa ne kai a Damagaram?"

"Unguwar Birni, Hajiya, gidan Kulu mai turare..."

"Kulu mai turare! La'ilaha! Ai 'yar'uwar kakata ce. Ashe jinina ne ya zo har rumfata ya yi mini sata, ya haɗa da zagi! Ni gwaggonka ce, mara kunya!"

Ko gaskiya ne ko ƙarya Allah masani, amma riƙon da ta yi wa kunnen nan na dangi ne. Ta tsugunar da shi a bayan rumfa ta tura masa tukwane. Yana cikin kakinsa mai karin guga yana kankare ƙanzo, ma'aikata na wucewa da kwanuka suna cewa, "Sannu da aiki, ɗan gwaggo. A wanke gindin da kyau."

Da yamma a ɗaki Haruna ya buɗe baki zai yi magana, Tijjani ya ɗaga masa hannun da ya kumbura. "Kada ka ce komai. Tsarin lafiya lau yake, bincike ne ya yi ƙaranci. Daga gobe sai na tambaya kafin in zaga."

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba bai san ƙara ba. Injuna na sara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, kowa ya toshe kunne da auduga. Tijjani ya bar injinsa ya bi layi-layi, ya kafa baki a kunnen mutum ya kurma ihu, "Mutumin ina ne kai?"

Wannan ya ce Gumel. Wancan ya ce Kazaure. Na gaba Daura, na bayansa Zariya, wani Ringim, wani Tasawa. Wani ya ce Dakata, unguwa a Kano, Tijjani ya washe baki ya fara naɗe hannun riga, sai mutumin ya ƙara da cewa, "Amma daga Azare aka kawo ni a goye."

Kafin mako ya ƙare magana ta zaga masaƙa: dogon nan ba ɗalibi ba ne, masu haraji ne suka turo shi ya gano garin kowa. Wasu suka ce a'a, na shige-da-fice ne. 'Yan ƙasarsu ma, da sun hango hularsa sai su shige bayan dilar auduga. In ya gifta ta darbejiya hira ta mutu, a jawo faifai a rufe kwanuka. Da can ba a kula shi ne kawai, yanzu kuwa gudunsa ake yi. Injinsa ya cije tun safe har azahar, ba wanda ya ko kalle shi.

Ya ce wa Haruna, "Wai Kanon nan babu Kanawa a cikinta ne? Haya suka bayar suka tafi?"

Akwai wani a sashen, Uba, Bafillacen Jahun, siriri mai fuskar salihai. Fulani da Barebari abokan wasa ne, saboda haka tun ranar da Fanna ta ce Tijjani jininta ne, Uba ya ɗauke shi naman da ya halatta. Ana shirin sallar azahar ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Bawan Allah, na ga wahalarka ta yi yawa. Bakano kake nema? Ga shi can yana alwala, mai farar babbar riga. Tsantsa ne, ba gauraye, cikin badala aka binne cibiyarsa. Ga son wasa kamar yaro. Sai dai ƙaramin wasa ba ya ba shi dariya, sai ka yi mai nauyi."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Tijjani. "Mai nauyi ai gidansa ka zo."

Aka tayar da salla. Tijjani ya sallame da wuri, ya lallaɓa ya ɗauki takalman mutumin, na fata masu ƙyalli, ya wurga su kan rufin kwanon masallaci. Ya harɗe hannu ya tsaya. Mutumin ya fito yana lalube da ƙafa.

"Bakano da takalmi!" in ji Tijjani. "Yaushe aka 'yanta ku? Taka ƙasa kamar kakanka!"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya juya wajen jama'a. "Wanga yaro lahiya tai kuwa?"

Da jin "wanga" Tijjani ya gane wannan ba Bakano ba ne. Alhaji Abdullahi ne, Basakkwace, manajan ma'aikata, wanda ba ya cika saukowa daga bene ba. Ba tsani a kusa, sai ta kan kafaɗar Haruna Tijjani ya hau rufin don ɗauko takalman. Rana ta gasa kwanon, yana rarrafe yana ɗaga hannuwa kamar ƙadangare. Ya samo ƙafa ɗaya. Ya miƙa zai kamo ɗayar, ta zame, ta gangara, ta faɗa tsulum cikin kwatar ruwan rini. Da aka tsamo ta, shuɗiya ce har ciki.

Alhaji ya riƙe takalma, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ya ce, "Saurara da kyau. In nis sake jin ko tarinka cikin masaƙar ga, mota za ni sa ka, sai Damagaram."

Uba kuwa a bayan dilar auduga aka same shi kwance yana riƙe da ciki. "Ni nawa wasan na yi, Babarbare," in ji shi. "Ka ga yadda ake yi?"

Ranar Tijjani ya daidaita hularsa a tsakiyar kai. Ya ce wa Haruna, "Na saki wasa saki uku. Wanda ya sake ganin haƙorina a garin nan ya cire shi."

Ana nan sai shugaban sashen saƙa ya dawo daga hutun da ya ɗauka na girbin gero. Malam Lawan ke nan, gajere mai tumbi, goro kullum a kunci, shi ne mai raba nama a gindin darbejiya. Ɗan asalin ƙauyen Challawa ne, ana ma cewa a gonar kakansa aka kafa rabin masaƙar. Da aka ba shi labarin wani Badamagare ya birkita wuri yana neman Bakano, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah mai amsa addu'a! Shekara da shekaru ina roƙon ko guda ɗaya."

Aka busa jiniya. Su Tijjani na kan duronsu, sai ga gajeren tsoho ya tunkaro ba sallama. Ya zura hannu a kwanon Tijjani ya ɗauke naman ya jefa a baki. Ya cire masa hula ya ɗora a kan tasa hular.

"Bawana, ashe ka iso? An ce kakanninka sun zo da igwa sun koma da gudu, har suka zubar da takalma a hanya. Kai aka aiko ka tsinto? Na ji har kan rufi ka duba."

Haruna ya taɓo shi. "Tijjani, ina jin wannan fa..."

"Rufe mini baki! Wani tarkon Uba ne!"

Duk abin da ya taru masa tun daga tsallen kwaɗo ya taso lokaci guda. Ya yi tsalle ya ci kwalar tsohon.

"Ɓarawo! Jama'a ku zo ku ga ɓarawon nama da tsakar rana! Tsofai-tsofai da kai! Ni sa'anka ne? Ni ɗalibin gwamnati ne! Wa ka kira bawa? Saje! Saje, kawo kulki! Yau sai ofis!"

Ya fara jan shi. Malam Lawan bai ko turje ba, binsa yake yi da huluna biyu a ka yana taunar goro. Darbejiya ta watse, aka yo kansu. 'Yan rini suka fito da hannuwa shuɗaye. Saje ya iso a guje, da ya ga wanda aka riƙe sai ya ƙame ya sara masa. Fanna ta ratso taro da muciya.

"Sake shi, ɗan banza! Ka san wa ka shaƙe? Bakanon da ka hana mu sakat da nemansa ke nan!"

Hannun Tijjani ya saki da kansa.

Uba ya haye kan duro ya kurma, "Jama'a ku shaida! Badamagare ya yi fushi da Bakano!"

Wuri ya ɗauki sowa. Kowa ya sani, a wasan nan zagi halal ne, kwace halal ne, fushi ne kaɗai haram. Wanda ya fara ɓata rai ba kansa kaɗai ya kayar ba, garinsu ya kayar, da sarkinsu da dawakinsu.

Tijjani ya shiga gyara wa tsohon kwala yana kaɗe masa auduga. "Ai... ai wasa nake yi. Sabon salo ne, yanzu haka ake yi a Damagaram."

"Har da kiran soja a ciki?" in ji Saje.

"Jijiyar wuyan nan taka ma wasa take yi?" in ji Fanna. "Dubi yadda ta tashi kamar igiyar guga."

Sai taro ya dare. Alhaji Abdullahi ne ya sauko daga bene, da silifa a ƙafarsa.

"Kai kuma? Malam Lawan, mi yaf faru? In kira direba?"

Malam Lawan bai yi sauri ba. Ya juya goro daga wannan kunci zuwa wancan. Tijjani kuwa har ya hango tashar Damagaram, da 'yan'uwan da ya tara ranar tafiya ya ce musu ba zai dawo ba sai da injin a aljihu. Gumi ya bi gashin bakin nan ya ɗiga.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Lawan, "a kai shi ina? Na tsufa ina jiran Allah ya ba ni bawa, yau ya faɗo hannuna da ƙafarsa, ka ce za ka mayar? Wa zai ɗaukar mini kwano? A bar mini kayana. Abu ɗaya dai, ya hau duron nan ya gaya wa jama'a wa ya ci yaƙi."

Uba ya sauko ya ba shi wuri har da russunawa. Tijjani ya hau, ya yi gyaran murya.

"Damagaram dai... ta ɗan ja da baya, saboda dabara."

"Ba mu ji ba!"

"An yi kunnen doki."

Alhaji ya waiwaya yana neman direba.

"Kano ta ci! Kano ta ci! Ta ci har da suɗi!"

Aka sauko da shi a kafaɗa, Saje da kansa ya riƙe ƙafa ɗaya, aka dire shi a gindin darbejiya. Haruna aka shimfiɗa wa buhu, aka ce baƙo ne, aka tura masa tsoka. Tijjani kuwa aka miƙa masa buta ya zagaya kowa ya wanke hannu, sannan aka matsa masa wuri a gefen Malam Lawan. Da yamma da zarensa ya tsinke, tsohon ne ya fara isowa, ya kama yatsunsa ya nuna masa ƙullin, yana yi masa ihu a kunne wai hannun Damagarawa bai iya komai ba sai riƙe wando a guje.

Haka aka ci gaba. Kullum Tijjani ne mai buta, shi ne mai kwashe kwanuka. In ya miƙa hannu wajen nama Malam Lawan ya buge hannun ya ce bawa ba ya riga ubangidansa, shi kuma dole ya yi dariya, don ido ashirin na kan jijiyar wuyansa. Sai an gama rabo tsohon zai ciro tsoka daga gabansa ya ajiye masa, ya ce sadaka ce ga 'yan gudun hijira.

Ran nan, bakinsa a washe har kumatu sun gaji, ya karkata wajen Uba ya yi raɗa ta tsakanin haƙora.

"Don Allah Bafillace, gaya mini gaskiya ko sau ɗaya. Wasan nan yaushe ake tashi?"

Uba ya lashe yatsa ya dube shi da tausayi.

"Tun kafin zuwan Bature aka fara, ɗan gwaggo. Har yau ba a busa jiniya ba."